Kasuwa Goma Sha Ɗaya Ba Juye

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Yayana ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke bayan Kusugu, bayan jinyar da ba ta cika sati biyu ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari. Mu biyu Inna ta bari a duniya, shi na fari ni auta, don ukun da ke tsakaninmu ƙyanda ta kwashe su tun muna yara. Yanzu saura ni.

Na yi zaman makoki a tsakar gidansa, na jingina da bangon ɗakin matarsa, inda nake ganin duk mai shigowa. Ni ba na kuka a gaban mutane, sai dai in kalli masu yi. Matarsa ta yi nata a hankali, ta kyauta. 'Ya'yansa mata sun yi, hakkinsu ne. Matan ƙauyuka sun zo daga hanyar Mashi, wasu a ƙafa, kowace da labarin ranar da ya ɗauko ta da ɗanta mara lafiya zuwa asibitin Daura ya ƙi karɓar komai. Duk wannan na sani, ba a faɗa mini sabo ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya wani kuka ne da ke tasowa daga zauren maza. Namiji ne, kuma da ji ka san ya manyanta, yana shessheƙa har ana ji ta kan katanga. Na tambayi matar babban ɗan Yaya wane ne wannan.

Ta ce, "Bakaniken nan ne, Gwaggo. Tun da aka dawo daga maƙabarta ya ƙi sa komai a bakinsa."

Wata tsohuwa da ke gefena ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Ai shi ne ɗan'uwansa. Duk Daura ba wanda ya san marigayi kamarsa."

Na juya na dube ta har sai da ta gyara mayafi ta matsa. Ba ta san ko ni wace ce ba. Maganarta ce ta sa na ce a rubuta abin da na sani, tun kafin mutanen gari su gama raba mini yayana a tsakaninsu.

Yaya direba ne tun zamanin manyan motocin gyaɗa. Da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya sayi tsohuwar akori-kura, yana ɗaukar buhunan gero da awaki tsakanin Daura da Mashi da Mai'adua, wani lokaci har Kongolam. Mutum ne mai tsari. Ba ya tayar da mota ya tafi nan take, sai ya bar ta ta ɗumama yana tsaye yana saurarenta. In fasinja ya buga masa ƙofa da ƙarfi, sai ya sauko, ya zagayo, ya buɗe, ya rufe a hankali, ya koma mazauninsa. Wani falke a Kongolam ya taɓa cusa masa buhu biyu a ɓoye bayan an gama lodi. Sun yi tafiya kaɗan Yaya ya ji motar ta zauna, ya tsaya ya sauke buhunan a bakin hanya, ya ce wa falken, "Zaɓi, ko kai ka hau ko su." Falken ya yi ta zagi har Mai'adua, amma washegari shi ya fara zuwa neman sa.

Ni kuwa aure ne ya kai ni wani ƙauye a bakin hanyar Mashi, kuma da maigidana ya rasu ban tashi ba, na zauna da ɗakina da gonata. Hanyar ta ƙofar gidana ta bi. In Yaya zai wuce sai ya danna oda sau biyu, ni kuma ko ina daka sai in ɗaga tabarya.

Agogon tsohuwar motar, wanda ke ƙirga nisan tafiya, ya mutu tun kafin ta zo hannunsa. Don haka da kasuwa yake lissafi. In aka ci kasuwar Mai'adua sau shida, lokacin juye ya yi, wato a zubar da baƙin man injin a zuba sabo. Da damina, in ƙasar hanya ta kwanta, yakan kai takwas. Ba ya wuce nan ko da lodin waye.

Kuma a gidana ake yin juyen. Bayan ɗakina akwai ramin da maigidana ya haƙi ƙasar gini, ƙarƙashin gawo. Yaya ya daidaita bakinsa, ya shimfiɗa itacen giginya biyu, sai ya hau da motar a kai ya shiga ƙasa ya tsaya da tsayinsa. Yana zuwa ne da injin da zafinsa, ya ce da zafi mai ke fitowa da dattinsa. Ya tuɓe riga ya rataye a reshe, ya shiga ramin, sai in ji, "Auta, miƙo sifana." Ban yi makaranta ba, ban san lambar da ke jikin ƙarfen ba, amma na san wacce yake nufi da nauyinta a hannu. Ni ke riƙe tsohuwar tasa. In man ya zubo sai ya taɓa da yatsa, ya murza, ya miƙo mini.

"Ji nan."

"Akwai yashi."

"Hanyar Mashi ce. Ita ke cinye mana mai, ba injin ba."

Daga nan sai ya fito ya wanke hannu da toka ya zauna a tabarma, ya ce a bar shi ya tsane. In dama masa fura. Mu yi zancen Inna, da gonar da aka raba, da wa ya aurar wa ya mutu. Yana da wata dariya da ba ya yi a cikin mutane, wadda sai ya riƙe ciki ya kife gefe guda. Ina jin ɗigon mai ya daina sauka a tasa tun kafin azahar, shi ma yana ji, amma in na ce ya tsane sai ya ce, "Da saura." Sai bayan la'asar yake tashi ya ɗaure notin, ya wanke filta da fetur, ya zuba sabon mai.

Tsohon man nawa ne. Da shi nake shafe azarar ɗakina da ƙafafun rumbu saboda gara. Matan ƙauyen su zo da gwangwanayensu, mai ƙofar da gara ta ci, mai jakin da ya yi gyambo, ni ce mai rabo, kuma ba kowa nake ba ba. Shekara bakwai muka yi a haka.

Sai shekarar da kuɗi suka ɓarke a ƙasa, ma'aikata suka sami ƙarin albashi, kowa ya shiga sayen rediyo da babur. Babban ɗan Yaya akawu ne a ofis. Yaron kirki ne, ban ce ba. Ya haɗa nasa da na ubansa aka sayar da tsohuwar, aka sayo sabuwar akori-kura fara daga Kano, kujerunta da leda. Da aka kawo mini ita in gani, yaron ya fito da wani ɗan littafi daga aljihun gaban motar.

Ya ce, "Gwaggo, wannan ba irin waccan ba ce. Tana da agogo mai aiki, kuma masu ƙera ta sun rubuta nisan da za ta yi kafin juye. An daina lissafi da kasuwa."

Na ce, "Masu ƙera ta sun taɓa bin hanyar Mashi da rani?"

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo ke nan." Yaya kuwa yana goge madubi da hannun riga.

Sau ɗaya tak sabuwar ta hau ramina. Yaya ya shiga ƙasa, na miƙa sifana, na ji yana ta ƙwanƙwasa, ya daɗe. Ya fito ya ce sifanar ba ta kama ba, nata daban ne, kuma filtarta ba a wankewa, yar da ita ake yi a sayi sabuwa. Bai zauna ba. Ya ce zai kai ta wurin wani bakanike da ya dawo daga Kano ya buɗe gareji kusa da tasha, mai rami na siminti.

Motar nan ba ta rasa fitina. Ta fi tsohuwar gudu, amma cikinta kusa da ƙasa yake, kowane dutse sai ya gaishe ta. In ta ɗauki lodi da rana sai ruwan lagireto ya tafasa. Bel ɗinta ya tsinke sau biyu a shekarar farko. Kowace fitina kuwa gareji take kai Yaya. Bakaniken kan duba agogo ya rubuta lamba a 'yar takarda ya liƙa a jikin ƙofa, ya ce in agogon ya kai nan a dawo juye.

Tsohon man bai daina zuwa ba. Yaya zai tsaya a ƙofata, injin na aiki, ya miƙo galan ta taga. "Auta, ga naki. Ina da lodi." In karɓa, ya wuce. Matan ƙauye suna ta murna an sami mai. Ni kuwa sai in ajiye galan ɗin a bayan ɗaki in kwana biyu ban buɗe ba.

Wata rana na shiga Daura gaishe da mara lafiya, na biyo ta tasha da gangan. Na hango su a benci ƙarƙashin rumfar kwano, kwanon fura ɗaya a tsakaninsu, ludayi biyu. Bakaniken ya faɗi wani abu, sai na ga Yaya ya riƙe ciki ya kife gefe guda. A bainar jama'a, gaban masu faci da masu rake. Na tsaya har suka gan ni. Mutumin ya miƙe da sauri yana goge hannu a wando, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Kullum Alhaji na zancenki."

Na ce, "Ni ba gwaggonka ba ce. Da furfura a gemunka."

Yaya ya ce, "Auta."

Na ce, "Na zo ne in ga ramin. To na gani. Yana da kyau."

Yanzu zan faɗi abin da ba wanda ya sani a gidan makokin nan. A shekara ta uku da sayen sabuwar motar, da rani, Yaya ya miƙo mini galan, yana miƙowa ya ce agogon motar ya tsaya, gargadar hanya ta tsinke wayarsa, an aika Kano a kawo wata. Sai da aka ci kasuwa huɗu kafin wayar ta zo. Aka ɗaura, agogon ya ci gaba daga inda ya tsaya. Takardar da ke jikin ƙofa kuwa ba wanda ya taɓa ta. Bakaniken bai tuna ba, ɗan mai littafi bai tuna ba. Ni da ban san baƙi ba na tuna cewa kwanakin da agogon ya yi barci, motar ba ta yi barci ba.

Ban taɓa daina ƙirgen kasuwa ba, ya zama mini jiki. Shida ta wuce ba galan. Bakwai, takwas. A ta tara na ji muryar injin ta sauya, wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙarar, tun daga nesa. Ranar na fito bakin hanya, hannuna har ya tashi zan tsayar da shi. Ya danna oda sau biyu. Sai na mayar da hannun na gyara ɗankwali. Na ce a raina bari takardar ta yi masa magana, bari mai ramin siminti ya ji kunya ko sau ɗaya, Yaya ya gane inda ake kula da shi. Na zaci motar za ta ɗan yi tari ne a gyara. Ko kuwa ban zaci komai ba, ina dai so in yi gaskiya. Allah ya san wanne ne.

Bayan kasuwa ta goma sha ɗaya, da rana tsaka, ina sussukar gero na ga mutum yana tahowa a ƙafa daga gabas, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin Yaya ya zo gidana a ƙafa ba. Ya zauna a dakali, na kawo ruwa, ya sha ya ajiye kwanon.

Ya ce, "Injin ya buga. Can bayan rafi, da lodin mutane a kai. Na zare ƙarfen awon mai, abin da ya fito kamar kwalta."

Na ce, "Kasuwa goma sha ɗaya."

Ya ɗago ya dube ni. "Kin ƙirga?"

"Na ƙirga."

"Ina wucewa ta nan kusan kullum, Auta."

"Ba a tambaye ni ba. Kana da takarda, kana da littafi, kana da aboki."

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Na shirya ya yi faɗa, ina da amsar kowace magana. Bai yi ba. Ya ce, "Da kin tsayar da ni." Ya tashi ya koma bakin hanya ya jira motar da za ta kai saƙo Daura. Na bi shi da fura, ya ce ya ƙoshi.

Bakaniken ya zo da yamma da babbar mota da igiya. Ya duba takardar ƙofa, ya duba agogo, ya dafe kai. A gaban masu lodin da mutanen ƙauye ya ce laifinsa ne, shi ya ɗaura wayar bai gyara lambar ba, kuma aikin a wuyansa yake. Ga kunyar da nake so ya ji, ya ji ta a gabana, amma ban ji daɗin da na yi tsammani ba.

Wata uku motar ta yi a garejin. Suka sauke injin tare, suka tafi Kano neman kaya tare har sau biyu, suka mayar da shi ƙusa bayan ƙusa. Da can sai da dalili Yaya ke zuwa bencin nan, yanzu da sassafe yake tafiya sai magariba. Ni na ɗaure su da juna da hannuna. 'Yan kasuwar da suka saba da Yaya da yawa suka koma wa wasu direbobi, kuma bai sake tsayawa da ƙafarsa kamar da ba.

Bai faɗa wa kowa abin da na yi ba. Na san haka don matarsa ba ta sauya mini fuska ba, ɗansa bai daina durƙusa mini ba. Da Sallah ya zo gaishe ni kamar kullum, da turmin atamfa. Zai tafi, ƙafa ɗaya a mota, ya ce, "Har yanzu kina ƙirgawa?"

Na ce ina ƙirgawa.

Ya ce, "To in ta kai shida ki aiko mini. Na fi yarda da naki."

Na riƙa aikawa, ta bakin masu zuwa kasuwa. Shi kuma in saƙon ya iso sai ya ɗauki motar ya kai gareji. Irin alherin Yaya ke nan, ya ba ka abin da za ka riƙe, amma ba ya komawa baya.

Da aka aiko jikinsa ya yi tsanani na iso ranar Litinin da la'asar. Na zo da maganar da na daɗe ina ɗauke da ita, ina so in ce ya yafe mini goma sha ɗayan nan. Na shiga ɗakin, sai ga bakaniken zaune a ƙasa yana matsa masa ƙafa. Yaya ya buɗe ido ya ce, "Auta, kin iso." Na ce na iso. Na zauna ina jiran mutumin ya fita, don ba zan roƙi gafarar yayana a gaban bare ba. Bai fita ba. Aka kira magariba, mata suka ce in zo in ci abinci, na ce to gobe. Da hantsi aka rufe masa ido.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na sa mayafi na fita zaure. Ban taɓa zama a zauren nan ba. Bakaniken na nan shi kaɗai a kusurwa, ya rame. Ya zabura zai miƙe, na ce ya zauna.

Na ce, "Shekara huɗu kuna zama a bencin nan. Me kuke cewa?"

Ya rasa ta inda zai fara. Ya ce zancen mota, zancen hanya. Na ce ban zo jin wannan ba. Sai ya ce Yaya ya koyi shan shayi da madara a wurinsa. Ya ce ya taɓa ba shi labarin ranar da babbar mota ta kife da shi a hanyar Kano yana saurayi, ya ɓoye wa Inna. Ban taɓa jin wannan ba. Sannan ya ce, "Akwai wadda ya ce kar in faɗa, amma yanzu ba ya nan. Tun shekarar da aka sayo motar ba ya ganin abu na kusa. Hanya yana ganinta sarai, amma layin da ke jikin ƙarfen awon mai, ko kan noti a ƙarƙashin mota, sai lalube. Ranar da ya fara kawo mini ita, sifanarsa na ɗauka na kwance. Ta kama lafiya lau."

Na ce, "Kai ya faɗa wa."

Ya ce, "Ni na gani, Hajiya. Ina tsaye kusa da shi."

Ni ce mai jin muryar injinsa daga bayan rafi, ni ce mai ƙirga masa kasuwa, amma idonsa wannan mutumin ne ya gani. Ban ji sanyi ba da na ji haka, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Kishin ma ƙaruwa ya yi. Sai dai na lura cewa duk abin da ya rage na yayana wanda ban sani ba yana cikin kan mutum ɗaya, kuma shi ma ba yaro ba ne.

Allah ya gafarta wa Yaya, ya sa ya yafe mini kafin ya cika ko da ban roƙa ba. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya ba matarsa juriyar takaba.

Da zan koma ciki na ce wa bakaniken, "Ka san gidana, a bakin hanyar Mashi. Ranar Juma'a bayan masallaci ka zo. Za ka faro mini daga ranar farko, kuma ba za ka tsallake komai ba."

Ya ce, "Ba zai ƙare a yini ɗaya ba, Hajiya."

Na ce, "Wa ya ce maka sau ɗaya za ka zo?"